Wa Ya Taɓa Leƙa Turamen Dokinsa?

Mu masu doki, da masu aron doki, da masu tsayuwa bakin titi suna yi wa dokin wani kirari, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, kada wani ya zame. Azumi na kai ashirin barga ta rikice. Wannan ya nufi Kasuwar Kurmi neman sabon labbati da ɗan kai, wancan ya kai jalala wurin maɗinki, yara na dirzar likkafa da toka da lemun tsami har sai ta ɗauki ido. Doki kuwa wanka safe da yamma, a tsefe geza, a tsefe wutsiya, a gyara kofato, a ninka masa baro don ya murje, tunda babu mai son a ce dokin gidan wane ana ƙirga masa haƙarƙari a bainar jama'a. Duk inda ido zai sauka mun gyara shi. Amma a tashi a majalisa a ce wanda ya taɓa haska fitila ya leƙa can ƙuryar bakin dokinsa, inda turame suke, ya ɗaga hannu, sai ka ji wuri ya yi tsit, kowa ya shiga gyaran hula.

Ba wai ba ma buɗe bakin doki ba ne. Muna buɗewa, ranar ciniki. Je ka Maigatari ran Alhamis ko Mai'aduwa ran Lahadi ka ga yadda kowa ke zama gwani. Mai saye ya ɗage leɓe, abokin da ya rako shi ya ɗage, wani da babu ruwansa da cinikin shi ma ya matso ya ɗage, dillali na gefe yana rantsuwa: "Alhaji, wallahi bana ya gama famfara, dubi na gefen nan, ko gama fitowa bai yi ba." Ilimin kuma na gaske ne, iyayenmu ba su bar mu a duhu ba. Duƙushi na da haƙoran nono 24. Na tsakiyar gaba suna faɗuwa yana ɗan shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, in ya kai 5 ya gama canji. Daga nan sai a koma duban baƙin ramin da ke kan haƙori yadda yake shafewa, da yadda haƙoran ke ƙara tsawo suna turowa gaba. Duk wannan mun iya, har musu muke yi a kai sai rana ta karya. Amma da an sallama, an shafa fatiha, an biya la'ada, shi ke nan an rufe bakin. Ba za a sake buɗe shi ba sai in za a zura ƙarfe.

Abin da muke dubawa a kasuwar nan fa haƙora 12 ne kawai, na tsinkar ciyawa. Babban doki na da haƙora 36 zuwa 44, kuma masu aikin wahalar su ne turame 24, shida-shida a kowane ɓangare sama da ƙasa, a jere can ciki har zuwa ƙarƙashin ido. Ko ka ɗage leɓe iya ƙarfinka ba za ka gan su ba. Su kuma ba irin namu ba ne da suke fitowa su tsaya. Haƙorin doki dogo ne, mafi yawansa a binne cikin muƙamuƙi, yana turowa a hankali, kimanin milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna kuma tana cinye abin da ya fito. Aikinsu irin na dutsen niƙa ne da ɗansa: inda suke gogar juna ya side, inda ba sa haɗuwa ya tsaya da tudunsa. To ga inda gizo ke saƙar, muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi. Don haka gefen waje na turamen sama, da gefen ciki na turamen ƙasa, ba su da abokin guga. Suna nan suna tsirowa har su yi kaifi da tsini, na sama su riƙa yankar kunci, na ƙasa su riƙa yankar harshe. An ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, to a bakin irin wannan doki saɓanin na kowace loma ne.

Mu kuma muke rura wutar, da sunan gata. Allah ya halicci doki ya sunkuyar da kai yana kiwo, in aka sake shi yakan shafe har awa 16 a rana yana tsinkar ciyawa yana juya muƙamuƙi gefe zuwa gefe. Mu kuwa mun ɗaure shi a turke mun girke masa dawa da dusa. Hatsi ba ya neman doguwar tauna, ɗan motsin baki kaɗan ya haɗiye, sai gefen turamen ya rasa guga, kaifin ya yi saurin fitowa. Ga shi miyan doki sai yana tauna yake zubowa, in tauna ta ragu miyau ya ragu, ciki ya shiga damuwa. Amma ku dube mu da bazara, in harawa ta yi tsada: ƙullin harawa a raba shi biyu ana tsaki, baro kuwa a auna tiya a cika ta har da tozo, a kira maƙwabci ya gani. Dokin talaka da ake turkewa a fadama ya wuni yana kiwo yakan fi wanda ake ji da shi lafiyar baki.

Ciwon doki yakan nuna alama, mu ne muke canza wa ciwon suna. Ku tsaya bakin komi wata safiya ku zuba ido. Ya ɗebi dawa, ya karkata kai gefe ɗaya, ya tauna sau biyu sau uku, rabi ya zube ƙasa. Kajin gidan sun riga kowa ganewa, shi ya sa da an zuba baro suke zuwa da gudu su yi layi a ƙarƙashin haɓarsa, har kazar barga ta fi ta cikin gida ƙiba. Ya ɗauki harawa, ya juya ta ya juya ta, ya tofar da ita a dunƙule, jiƙe da miyau. Ka je bayansa ka ga ƙwayar dawa a kashinsa yadda ta shiga haka ta fito, tantabaru na tsinta. Yaron barga ya zo ya durƙusa: "Ranka ya daɗe, Kili fa ba ya cinye abincinsa." Maigida ya ce: "Sangarta ce, ƙoshi ya yi masa yawa. Ka jiƙa masa kanwa."

Kanwar nan kuwa ba abin da ba mu ɗora mata ba. Doki ya rame, kanwa. Gashinsa ya tashi, kanwa. In kanwa ta gaza a ce tsutsar ciki ce, a ɗura magani, wani lokacin ma a dace don tsutsar na nan. In wannan ma ya gaza, to magana ta fito fili, kambun baka ne, tun ranar Hawan Nassarawa da aka yi ta nuna shi bai sake daidai ba. A karɓo laya a rataya masa a wuya. Ni ban hana kowa neman tsari ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma laya na wuya, tsinin haƙori na cikin kunci yana aikinsa. Har ta kai bakin ya fara wari, ko majina mai ɗoyi ta riƙa fita ta hanci ɗaya tak, alamar saiwar turmin sama ta ruɓe ta fasa cikin kogon hanci, muna nan muna lissafin wa ya kalle shi da mugun ido. Abincin da bai tauna da kyau ba kuma shi ke maƙale masa a maƙogwaro ko ya cushe a hanji, doki kuwa ba ya amai. Ciwon cikin da ke kayar da ingarma cikin dare ɗaya, wani lokacin daga baki ya faro.

Sai kuma in an ɗaura sirdi, nan ne abin ya fi taɓa ni. Doki na kaɗa kai sama da ƙasa, yana wage baki, yana zaro harshe, yana tafiya a karkace, yana miƙewa da ƙafa biyu, mata na rangaɗa guɗa, mu kuma muna cewa: "Kai, dokin nan akwai jini! Dubi izza!" Akwai mai izzar gaske, wannan ba a musu, kuma wanda ya san doki yana gane ta: wuya a lanƙwashe, kunnuwa a gaba, baki a rufe yana ɗan motsa linzami, farar kumfa kaɗan a leɓe. Amma doki ta hanci kaɗai yake numfashi, ba ya buɗe baki don ya sha iska ko da ya yi gudun fitar rai. In ka ga ya wage baki, gudun wani abu yake yi. In ka ga kullum yana juyawa dama lafiya lau amma hagu sai an yi kokawa, akwai abin da ke sukarsa a ɓangaren. Kumfa kuwa in ta sauya ta koma ruwan hoda, ba a buƙatar malamin duba. Wa a cikinmu bai taɓa ganin zagi da tsumma a aljihu ba, yana goge bakin doki da sauri kafin a iso Ƙofar Kudu, don kada jan ya ɗiga a kan kaya? An goge, an yi jahi, an sha tafi, an koma gida an kwance, babu wanda ya sake tada zancen.

Mu zo kan linzami. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili babu haƙori, nan ƙarfen yake kwanciya, kuma wurin ƙashi ne mai kaifin baki da 'yar siririyar fatar dasashi a kansa. Linzaminmu na gargajiya, mai harshen ƙarfe da ke tashi ya daki ganda, da zoben da ke zagaye muƙamuƙin ƙasa, kayan yaƙi ne. An ƙera shi ne don mutumin da ke riƙe da kamazuru da hannu ɗaya, mashi ko takobi a ɗayan, wanda ke son doki ya tsaya cak ko ya juya da motsin yatsa. Shi ya sa zamiya take yiwuwa, daga sukuwa a tsaya wuri ɗaya ƙura ta tashi. Ƙarfinsa ne ya sa ba a jan sa. Ku kalli tsofaffin mahaya na fada, kamazuru a sake yake, yana lilo, doki na takama, hannu bai motsa ba. Mu kuwa 'yan kilisar yamma da 'yan hawan angwanci, kamazuru ya zama marikin da ke hana mu faɗuwa. Doki ya zabura, mu fizga. Mun ga ana ɗaukar hoto, mu fizga don ya miƙe. Mun hango gidan su yarinyar da muke nema, mu fizga mu haɗa da ƙaimi, wato muna ce masa tafi muna ce masa tsaya a lokaci guda. Dokin haya ma ya fi shiga uku, a wuni ɗaya hannu biyar ya bi ta bakinsa, kowane da irin fizgarsa.

Kowa a cikinmu ya iya cewa ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A bakin doki kuwa gwadawar ake buƙata, ita ce kuma ba ma yi. Linzami ɗaya ne a gidan, na kaka ne, shi ya ci bakin Akawal, shi ya ci na Bidi, shi za a sa wa ɗan ƙurun da aka saya wa yara, ko ya yi masa faɗi yana zamewa yana dukan haƙora, ko ya matse yana tsunkular gefen leɓe. Ya yi tsatsa, maƙeri ya yi masa ɗori ya bar gurzo, ba komai, ai na gado ne. Za mu wanke jalala sau uku ba mu ɗauraye linzami sau ɗaya ba, busasshen miyau da dusa sun daskare a jikinsa suna gurzar fata. Mu rataye shi a rana tun hantsi, da la'asar mu ɗauko shi da zafinsa mu tura. Doki ya ɗaga kai ya datse haƙora ya ƙi karɓa, mu ce taurin kai, mu buga ƙarfen a haƙoransa har ya buɗe, alhali da babban yatsa aka zura ta gefen leɓe inda babu haƙori da kansa zai buɗe.

Idan dasashin ya sha rauni ya warke, ya sake shan rauni ya warke, sai wurin ya yi kanta, wani lokacin ƙashin kansa ya yi ƙari. Doki ya daina jin jan hankali. Sai mu ce ya yi taurin baki, mu tafi maƙera: "Malam, a ƙero mini wanda ya fi wannan ci." A ƙero. Wata shida shi ma ya daina ji, a sake komawa. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na doki. Kada kuma wanda ya sayi linzami mai gaɓa a tsakiya, irin na dawakan tsere, ya ɗauka ya fita daga cikinmu. Shi ma a hannun mai fizga yana tsaga leɓe, yana kuma danna kunci a kan kaifin turame.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne saurayin doki. Daidai shekarun da muke fara hora shi, tsakanin 2 da rabi zuwa 5, su ne shekarun da bakinsa ke cikin hargitsi: haƙoran nono na faɗuwa, na girma na fasa dasashi, wani ɓawon turmin nono ya ƙi fita ya zauna a kan sabon yana girgiɗi. Ingarmu, waɗanda su muka fi hawa, fiƙoƙinsu na fitowa tsakanin shekara 4 zuwa 5, a cikin filin nan da linzami ke wucewa. Wasu kuma suna da wani ɗan mitsitsin haƙori a gaban turmin farko na sama, ba ya tauna komai, amma in ƙarfe ya taɓa shi doki na iya yin tutsu, likita kuwa cire shi yake yi cikin ɗan lokaci. A wannan halin muke ɗora masa yaro da bulala mu ce a karya shi tun yana ɗanye. In muka ga gandarsa ta kumbura a bayan haƙoran gaba, sai a nemo mai aska ko a sa ƙarfe a wuta, a tsaga ko a ƙona, a goga gishiri. Wannan kumburin a ƙaramin doki yawanci na canjin haƙori ne, da kansa yake saɓewa. Mun ɗauki wanda ke cin abinci da ƙyar mun ƙara masa gyambo a inda abincin ke bi.

Ka ambaci likitan haƙorin doki a majalisa ka ji dariya. "Mu kanmu da muke mutane yaushe muka je? Ba kanumfari muke cusawa ba?" Gaskiya ne, mu ma sai kunci ya kumbura barci ya gagara muke neman asibiti. Amma mu muna da bakin faɗa, kuma babu wanda ke sa mana ƙarfe a kan haƙorin yana ja. Aikin ma ba wani tashin hankali ba ne. Likita zai yi wa doki allurar da za ta kwantar da shi yana tsaye, ya ɗauraye bakin, ya sa ƙarfen da ke riƙe baki a buɗe, ya haska fitila, ya bi turame ɗaya bayan ɗaya da ido da hannu, sannan ya ɗauko dogon magagari ya goge tsinin da kaifin. Saman haƙorin da ake gogewa ba ya jin zafi in an tsaya inda ya dace, kuma nan ne gwaninta take, domin in aka zarce aka kai ga ɓargon haƙori an kashe shi. Shi ya sa ba aikin da za a ari magagarin maƙeri a miƙa wa yaron barga ba ne, kuma kada wani ya ce zai zura hannu haka nan ya lalubo, turamen doki na murƙushe yatsa. Ranar da aka fara yi wa dokin mutum, a ce ya matso ya leƙa. In ya ga zanen gyambo a cikin kuncin, ja da fari a jere daidai layin haƙoran, ba sai an yi masa wa'azi ba, gani ya kori ji. Sau ɗaya a shekara ya ishi babban doki, mai canjin haƙori da tsoho kuwa gara a duba su duk wata shida. Masu wannan ilimin muna da su a gida, jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun daɗe suna yaye likitocin dabbobi.

Kafin likita ya zo ma akwai abin da ke hannunmu. A shafa kunci ta waje, a ɗan danna bisa layin turamen sama, in ya fizge kai to akwai magana. Bayan kowane hawa a duba gefen leɓe da dasashin da ƙarfe ke kwanciya da ƙarƙashin haɓa, in akwai rauni a ajiye linzami a koma ragama har ya warke. A ƙara harawa da ingirici, a zuba a ƙasa-ƙasa yadda zai ci kansa a sunkuye. Tsohon dokin da ya yi mana hawa goma sha, turamensa sun ƙare, a jiƙa masa dusa a daddatsa masa harawa, ya cancanci wannan da fiye da haka. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, kada a jira jajibere a kira likita, a yi da saura mako uku ko wata guda don kuncin ya samu ya warke.

A Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, mun yi murna, mun yi ta tura wa juna hotuna, kuma mun cancanci murnar, abin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ga shi har yau yana tafiya da ƙafarsa. Baƙin da ke zuwa kallo yanzu suna da na'urar da ke jawo bakin doki kusa fiye da yadda mahayinsa ke ganinsa. Mu da muke iya haɗa kuɗin anko na mahaya ashirin cikin kwana uku, mu ɗauko makaɗa daga wani gari, mu yi hayar motar da za ta kwaso dawaki, haɗa kuɗin likita ɗaya ya wuni a unguwa ba zai gagare mu ba. A samu barga mai inuwa da ruwa a kusa, a sa rana tun cikin Sha'aban, kowa ya jawo nasa, kowa kuma ya zo da linzaminsa a hannu, har da na kakan, likita ya gwada shi a bakin da ake sa wa.